Yadda Ake Gano Gubar Ƙarfe da Maganin Feshi a Jikin Kifi da Jatan Lande

Mai kiwon kifin da ke jan ruwa daga Gulbin Rima, ko daga magudanan noman rani na Goronyo da Wurno, ruwan da ya ratsa gonakin shinkafa da albasa yake zuba wa kifinsa. Abin da manomi ya fesa a tudu, wani kasonsa yana gangarowa fadama. Ƙarafa masu guba su ma suna da hanyoyinsu: dalma daga tsofaffin batura da wuraren niƙa dutsen zinare, zaiba da masu haƙar zinare ke kama shi da ita, kadmiyam daga takin fosfet da juji, kuromiyam daga jima irin ta zamani. Gubar dalmar da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 daga niƙan dutsen zinare ta taso, kuma ƙasar da ta gurɓata irin haka damina tana wanke ta zuwa rafi.

Ɗakin gwaje-gwaje ba zai gano abin da ya lalace tun a hanya ba. Yawancin binciken mutuwar kifi a bakin ruwa yake rushewa, saboda an kwashi matattun kifaye an cusa a leda ɗaya an jefa a firiza. Samfuri iri uku ake ɗauka, kuma yadda ake adana ɗaya yana ɓata ɗayan: na duba tsoka a madubin likita yana shiga ruwan fomalin, ba ya ganin ƙanƙara, na auna ƙarfe yana shiga roba a daskarar da shi, na auna maganin feshi yana shiga kwalba ko takardar alminiyam, ba ya taɓa roba.

Kayan aiki

- Safar hannu ta roba, takunkumi, da tabarau mai kare ido.
- Koma ko ƙaramar raga, bokitai masu tsabta guda 3, faifan yanka na roba.
- Almakashi mai kaifi, hantsakin asibiti, sababbin reza, da wuƙar roba ko ta tangaran don samfurin ƙarfe.
- Sirinji mai cin mil 1 zuwa 5 da siraran allurai.
- Kwalabe masu faɗin baki da murfi mai kamawa. Nama yana taurarewa a fomalin, wanda ya shiga ta ƙaramin baki da laushinsa ba zai fito ba.
- Gorunan roba na lita 1, kwalaben gilashi masu duhu na lita 1, ledoji masu zif, takardar alminiyam.
- Kula biyu da isasshiyar ƙanƙara.
- Fomalin na asali mai ƙarfin kashi 37 zuwa 40, etanol mai kashi 95, tsantsar asid ɗin asetik, asid ɗin naitirik, tataccen ruwa, man kanumfari.
- Ma'aunin zafi, takardar gwajin pH (ma'aunin tsamin ruwa), kayan gwajin amoniya da naitirait, da na'urar auna iskar oksijin idan za ta samu.
- Sikeli, rula, fensir, farar takarda mai kauri, da waya mai ɗaukar hoto.

Haɗa ruwan adanawa tun a gida

Na kifi: mil 100 na fomalin na asali, mil 900 na tataccen ruwa, giram 4 na sodiyam fosfet mai gindi ɗaya, da giram 6.5 na mai gindi biyu. Shi ake kira fomalin kashi 10, wato kashi ɗaya na asali cikin tara na ruwa. Idan gishirin fosfet bai samu ba, zuba giram 9 na gishirin girki a lita, ka jefa guntun farin alli a gindin kwalbar ya rage tsami. Fomalin da ka ga farin gari ya kwanta a ƙasansa ya tsufa, kar ka yi aiki da shi. Zuba nama cikin fomalin na asali ba tare da sirkawa ba yana ƙone bayansa ya bar cikinsa ɗanye.

Na jatan lande shi ne ruwan Davidson. Lita ɗaya: etanol mil 330, fomalin na asali mil 220, tsantsar asid ɗin asetik mil 115, ruwa mil 335. Asid ɗin ne ke tausasa ɓawo ya sa ruwan ya ratsa da sauri. Binigar girki ba ta maye gurbinsa, ƙarfinta bai wuce kusan kashi 5 ba.

Ka yi haɗin a fili inda iska ke kaɗawa. Tururin fomalin yana ƙona ido da hanci, kuma yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Kullum asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Gorunan samfurin ƙarfe a jiƙa su kwana ɗaya a asid ɗin naitirik kashi 10, a ɗauraye sau uku da tataccen ruwa.

Mataki na 1: Ka duba, ka tambaya, kafin ka taɓa komai

Ba kowace mutuwar kifi ce guba ba. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ƙarancin iska a ruwa ya fi kowane dalili yawa, kuma kashe kuɗi a gwajin guba alhali iska ce ta yanke asara ce a kan asara.

Ƙarancin iska da asuba yake kisa. Manyan kifaye ne ke fara mutuwa, za ka ga sauran sun taru a sama suna haɗiyar iska, rana na ɗagawa su lafa. Ruwan yakan yi kore shar ko ya juye ya yi duhu yana wari. Kwaɗi da ƙwarin ruwa suna nan lafiya.

Guba ba ta da lokaci. Ƙanana ne ke fara tafiya. Kifi yana juyi a wuri ɗaya, yana karkarwa, yana zabura kamar zai fita daga ruwa. Magungunan ƙwari dangin fiya-fiya da kulofirifos suna hana jijiya sakin tsoka, shi ya sa za ka ga fukafukan gefe sun miƙe gaba sun sandare, wani ma gadon bayansa ya lanƙwashe. Ka duba gefen ruwa da kyau: idan kaguwa, ƙwarin ruwa, 'ya'yan kwaɗi da ƙananan jatan lande sun mutu tare da kifin, zargin maganin ƙwari ya yi ƙarfi. Idan gansakuka da ciyawar ruwa ne suka fara ƙonewa, ka nemi maganin ciyawa, wanda sau da yawa kisansa a kaikaice yake: tsirrai su ruɓe, iska ta ƙare. Tarwada tana shaƙar iska daga sama, don haka tana jure ruwan da zai kashe karfasa. Duk ranar da ka ga tarwada tana zubewa cikin 'yan awoyi, kar ka tsaya kan zancen iska.

Ƙarfe kuwa ba kasafai yake kisan farat ɗaya ba, sai dai jan ƙarfe idan an zuba shi da yawa don kashe gansakuka. Nasa a hankali ne: kifi ya rage cin abinci, ya ƙi girma, wutsiya ta yi baƙi, ana tsintar matattu biyu yau uku gobe.

Ka rubuta amsar waɗannan: yaushe aka fara gani, an yi ruwan sama ko an buɗe magudana kafin nan, wa ya yi feshi kusa a cikin mako, a ina ake wanke injin feshi, an sauya abinci ko an zuba wani magani a tafkin. Idan a gulbi ne, sarkin ruwa da masunta sun fi kowa sanin ko wani ya zuba Gamalin don kama kifi. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, an sa shi cikin jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm tun 2009, amma ɗabi'ar zuba guba a ruwa ba ta mutu ba. Ka ɗauki hoton duk wata kwalbar magani da ka tarar, gaba da baya, domin sunan sinadarin da ke jikinta shi zai nuna wa masu gwaji abin da za su nema.

Sannan ka auna zafi, pH, amoniya, naitirait da oksijin. Oksijin da asuba ake auna shi, na azahar yaudara ne. Ƙasa da miligiram 3 a lita kifi yana wahala, kusa da 1 yana mutuwa.

Mataki na 2: Ruwa da laka kafin kifi

Ruwa yana tafiya da gubarsa, kifi zai iya jira minti talatin. Ka ɗebi a wuri uku: sama da inda ake zargi, daidai wurin, da ƙasa da shi. A tafki kuwa, mashigar ruwa, tsakiya, da mafita.

Na ƙarfe: ɗauraye gorar roba sau uku da ruwan wurin, nutsa ta santimita 20 zuwa 30 bakinta na fuskantar inda ruwa ke zuwa, cika ta, ka ɗiga mil 2 na asid ɗin naitirik a lita don pH ya sauka ƙasa da 2. In ba haka ba ƙarfen zai manne a jikin gorar. Idan ba ka da gorar da aka jiƙa a asid, sabuwar gorar ruwan sha da ka buɗe a wurin ta fi tsohuwar jarka nesa ba kusa ba. Idan babu asid, sa ta a ƙanƙara ka kai ranar.

Na maganin feshi: kwalbar gilashi mai duhu, a cika ta, a shimfiɗa takardar alminiyam a bakin kafin a murɗa murfi. Ba a sa asid. Roba tana shanye waɗannan magunguna, musamman saifametirin da danginsa, rana kuma tana wargaza su. Idan farar kwalba kake da ita, naɗe ta da takardar alminiyam. Ta shiga ƙanƙara nan take. Ƙa'ida ita ce masu gwaji su tace ta cikin kwana 7, amma wanda ya kai cikin kwana biyu ya fi samun amsa.

Laka ita ce ma'ajiyar guba. Ko ruwa ya wuce, ita tana riƙe da shaida. Kwashi santimita 5 na sama, kimanin rabin kilo: da cokalin roba zuwa leda don ƙarfe, da cokalin ƙarfe marar tsatsa zuwa kwalba don maganin feshi. Ka haɗa da rabin kilo na abincin da kifin ke ci, daga buhun da ke buɗe.

Mataki na 3: Zaɓen kifi

Wanda ke gargara amma yana da rai shi ake nema, guda 5 zuwa 10. Ka ƙara 5 masu alamar lafiya daga wurin, da wasu 5 irinsu, masu girma ɗaya, daga ruwan da ka tabbata yana da tsabta. Waɗannan na ƙarshe su ne abin kwatance, kuma su ne aka fi mantawa. Ba tare da su ba, likitan da ke duba hanta ba zai iya raba lahanin guba da kitsen abincin kiwo ba.

Mataccen kifi bai da amfani ga madubin likita. A zafinmu mashaƙarsa, jan naman nan mai tsefe-tsefe da yake numfashi da shi, tana fara narkewa cikin mintuna, kuma narkewar tana kama da ɓarnar guba har ta ruɗi mai dubawa. Wanda bai daɗe da mutuwa ba, idonsa garau, bai yi wari ba, zai yi don auna ƙarfe da maganin feshi kaɗai.

Mataki na 4: Kashewa da duban waje

Haɗa man kanumfari kashi 1 da etanol kashi 9, ka zuba mil 4 na haɗin a kowace litar ruwa. Bar kifin minti 10 bayan murfin kunnensa ya daina motsi. Tarwada tana da taurin rai, ka bi ta da yanke ƙashin baya daidai bayan kai. Kifin da za a auna wa maganin feshi kar ya shiga kanumfari, bugu ɗaya mai ƙarfi a ka ya isa.

Auna nauyi da tsawo, ɗauki hoto da rula a gefe. Duba yawan yauƙi a fata, jini a gindin fukafukai, karkacewar baya. Sai ka ɗaga murfin kunne ka dubi mashaƙa. Mai lafiya ja ce wur, zararta a rarrabe. Wadda jan ƙarfe ko tutiya suka taɓa takan kumbura, ta koɗe, yauƙi ya lulluɓe ta, zarar ta manne da juna. Idan ta yi launin ƙasa-ƙasa kuma jinin ma haka, koma ga sakamakon naitirait kafin ka ambaci guba daga waje. Ka kankari ɗan yauƙin mashaƙa a duba ƙwayoyin cuta, domin su ma suna kawo irin wannan kumburi.

Mataki na 5: Feɗewa da samfurin madubi

Gaggawa ake so: daga mutuwa zuwa cikin fomalin kar ya wuce minti biyar, kuma mashaƙa ce farko. Yanke layin mashaƙa na biyu gaba ɗayansa, ka riƙe shi ta ƙashi. Hantsaki ya matse zarar, ka ƙirƙiri rauni da hannunka.

Tsaga ciki daga dubura zuwa ƙirji, bakin almakashi yana kallon sama don kar ka huda hanji. Kafin ka yanki komai, duba: akwai ruwa a ciki? Hanta ta koɗe, ta yi rawaya, ko tana marmashewa? Matsarmama ta kumbura? Ka kiyaye fasa ta, ruwanta yana cinye naman da ya taɓa. Ƙoda ita ce baƙin jan da ke manne da ƙashin baya.

Daga hanta, ƙoda, saifa, hanji, da tsoka haɗe da fatarta, yanki guntu mai faɗin santimita 1, kaurinsa bai wuce milimita 5 ba. Da reza ake yi, jan hannu ɗaya. Fomalin a hankali yake ratsa nama, guntu mai kauri tsakiyarsa za ta ruɓe kafin ya isa. Ruwan ya ninka naman sau 10 aƙalla. Kifin da bai kai santimita 5 ba, tsaga cikinsa, cire murfin kunne ɗaya, ka jefa shi gaba ɗaya.

Ya zauna awa 24 zuwa 48 a inuwa. Idan ruwan ya yi jini-jini a ranar farko, sauya shi. Kar ya shiga firiza ko sau ɗaya, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin nama. Sifirit kaɗai yana sa nama ya ƙanƙance, sai idan babu wata dabara.

Mataki na 6: Idan jatan lande ne

Wanda ake sayarwa a kasuwannin Sakkwato busasshe ne daga kudu. Shi ana iya auna masa ƙarfe da ragowar maganin ƙwari, kuma akwai dalilin yin hakan, tunda NAFDAC ta sha gargaɗi kan zuba Sniper a kayan abinci don korar ƙwari. Duban madubi kuwa sai mai rai.

Jatan lande ɗan'uwan ƙwari ne a halitta, don haka maganin da aka yi don ƙwaro yana kashe shi a ma'aunin da kifi bai ko ji ba. Jan ƙarfe ma haka. Gaɓar da ake nema tana cikin kai, ƙarƙashin ɓawo, launinta ruwan ƙasa ko ruwan goro. Ita ke yin aikin hanta da narkar da abinci gaba ɗaya, kuma a nan ƙarfe ke taruwa. Cike take da ruwan narkarwa, dabbar na mutuwa take fara cin kanta. Shi ya sa jefa jatan lande a kwalbar fomalin kawai ba ya aiki: kafin ruwan ya keta ɓawo, ciki ya zama kunu.

Kwantar da shi a ruwan ƙanƙara har ya daina motsi. Duba mashaƙa ta gefen kai, baƙi ko duhu a nan ana ganinsa a gubar kadmiyam da jan ƙarfe, ko da yake laka da ƙwayoyin cuta su ma suna kawo shi. Taɓa ɓawo ka ji ko ya yi laushi, ka duba ko tsokar jela ta yi fari fat maimakon garau.

Ja ruwan Davidson kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato mil 1 ga mai giram 10. Soka allura ta gefen kai kai tsaye cikin gaɓar, ka tura mafi yawan ruwan a hankali a wuri biyu ko uku. Ragowar ka raba a gaban kai da jela. Za ka ga launi ya juya zuwa fari da ruwan lemo, alamar ruwan ya kai. Sai ka tsaga ɓawo kaɗai da almakashi, ɗan gefe da tsakiyar baya, daga jela zuwa gindin ƙahon goshi, ba tare da ka shiga nama ba. Wanda ya wuce giram 12, raba kai da jela. Ka nutsar da shi a ruwan Davidson mai ninki 10.

Awa 24 ga ƙanana, 48 ga matsakaita, manya kar su wuce 72. Daga nan a mayar cikin etanol kashi 70. Wanda aka manta a Davidson mako guda asid ya cinye shi, ba zai karɓi rinin da ake sa wa nama kafin a duba shi a madubi ba. Idan fomalin kashi 10 kaɗai ke hannunka, yi allurar da shi haka nan, ka sanar da masu gwaji don su tausasa ɓawon kafin yanka.

Mataki na 7: Naman auna ƙarfe da na maganin feshi

Ka yi wannan a wani faifan daban, da sabuwar safar hannu, nesa da fomalin.

Na ƙarfe: da wuƙar roba ko tangaran, cire giram 50 zuwa 100 na tsoka daga baya ba fata, sannan hanta, ƙoda da mashaƙa kowanne a ledarsa. Idan kifin ƙanana ne, haɗa gaɓa iri ɗaya daga guda 5 zuwa 10. Reza marar tsatsa za ta yi idan dalma da kadmiyam kaɗai ake nema, amma ba don kuromiyam ba, tunda da shi aka ƙera ta. Kifin da ya kwanta a kan dalmar birgi, a ɗauraye shi da tataccen ruwa kafin a yanka. Jatan lande a raba jela da kai.

Na maganin feshi: giram 100 na tsoka, da hanta, da kitsen ciki, a naɗe a takardar alminiyam, sannan a sa a leda. Tsofaffin magunguna irin lindan da DDT a kitse suke zama shekaru. Dangin fiya-fiya kuwa da wuri suke ɓacewa daga nama, don haka ka daskarar da kawunan kifi ɗungurungum. Ana auna wani sinadarin jijiya a ƙwaƙwalwa, asetilkolinestares, wanda waɗannan magunguna ke danne shi, kuma faɗuwarsa idan aka kwatanta da kifin lafiya shaida ce ko an rasa maganin a nama.

Duka su daskare, digiri 20 ƙasa da sifili. Inda wuta ba ta tsayawa, kar ka bari ya narke ya sake daskarewa, gara ka riƙa sauya ƙanƙara ka tafi washegari. Samfurin dalma da kadmiyam ana iya busar da shi a oben ɗin ɗakin gwaji a digiri 60 zuwa 80 har nauyinsa ya daina raguwa, amma ka rubuta nauyinsa ɗanye tukuna. Na zaiba da na maganin feshi ba a gasa su. Shanya a rana ƙura za ta cika shi, banda kuma hayaƙi zai ɓata shi.

Mataki na 8: Lakabi da kaiwa

Da fensir ake rubutu, a kan takarda mai kauri, a jefa ɗaya cikin kwalbar fomalin, a manna ɗaya a waje. Tawadar biro da maka etanol yana wanke su. Rubuta lamba, irin kifi, gaɓa, wuri, rana, lokaci, da ruwan adanawa. Kwalaben fomalin su yi tafiya a kwali daban da kular ƙanƙara, domin tururinsu yana shiga daskararren nama.

Ka yi magana da ɗakin gwajin kafin ka fita ɗaukar samfuri. Duban nama aikin likitocin dabbobi masu nazarin cututtuka ne, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a nan Sakkwato. Ƙarfe da wata na'ura mai suna AAS ake auna shi, maganin feshi kuma da wata mai suna GC-MS. Tambayi ko na'urar tana aiki, waɗanne ƙarafa take iya aunawa, da mafi ƙanƙantar adadin da take iya gani. Zaiba tana buƙatar tsari na musamman da ba kowace AAS ke da shi ba. Kar ka ce kawai a nemo guba, ka ambaci sunayen da kake zargi.

Mataki na 9: Gwajin bokiti, idan ɗakin gwaji ya yi nisa

Bokiti biyu masu cin lita 20, ɗaya ruwan da ake zargi, ɗaya ruwan rijiya da ya kwana. Saka 'ya'yan karfasa masu lafiya 10 a kowanne, ka ba su iska iri ɗaya, a inuwa, ba abinci. Duba bayan awa 1, 6, 24 da 48. Idan na ruwan zargi suna mutuwa alhali iska ta wadata, na rijiya kuma suna yawo, akwai abu a ruwan. Gwajin ba zai faɗi sunan gubar ba, amma ya isa ka rufe mashigar ruwa. Idan fiye da ɗaya ya mutu a bokitin rijiya, gwajin ya ɓaci, a sake.

Mataki na 10: Karanta sakamako

A mashaƙar kifi, rahoto zai ambaci ɗagewar fatar zara, kaurinta, mannewar zara da juna, da kumburin jijiyar jini a bakinsu. Ma'anarsu ɗaya: tazara tsakanin ruwa da jini ta ƙaru, kifi yana shaƙewa a ruwan da ke da iska. A hanta, ramuka cikin ƙwayoyin nama, matattun wurare, da taruwar baƙaƙen ɗigo. A ƙoda, lalacewar bututun tace jini, inda kadmiyam ya fi yin ɓarna. A jatan lande, bututun gaɓar narkarwa masu lafiya tsakiyarsu tana da siffar tauraro. Guba tana buɗe ta, ƙwayoyin bango su zube ciki, kitsen ajiya ya ƙare, ƙwayoyin jini su kewaye wurin ya yi baƙi.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke nuna guba guda ita kaɗai. Amoniya tana yi wa mashaƙa irin abin da jan ƙarfe ke yi. Hukunci yana tsayawa ne idan abu uku sun haɗu: labarin wurin, lahanin nama da babu shi a kifin kwatance, da adadin da na'ura ta nuna.

Wajen adadi, iyakar dalma a naman kifi ta Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ita ce miligiram 0.3 a kilo. Tarayyar Turai ta sa 0.05 na kadmiyam a tsokar yawancin kifi, 0.5 na zaiba, sannan 0.5 na dalma da 0.5 na kadmiyam a naman jatan lande. Duk a kan ɗanyen nauyi aka gina su. Tsokar kifi kusan kashi 80 ruwa ce, don haka sakamakon busasshen nama yakan ninka na ɗanye sau huɗu zuwa biyar. Wanda ya kwatanta busasshe da waɗannan iyakoki zai tayar wa mutane da hankali a banza. Haka kuma iyakokin na tsoka ne. Hanta da ƙoda kusan kullum sun fi tsoka dalma da kadmiyam, amfaninsu su nuna an daɗe ana shan gubar. Jan ƙarfe mai yawa a jatan lande shi ma ba abin firgita ba ne kai tsaye, domin jininsa da jan ƙarfe yake ɗaukar iska. Sai an gwada da na ruwa mai tsabta.

Mataki na 11: Tafkin da kifin da suka rage

Tun ranar farko, kafin kowane sakamako, rufe mashigar ruwan da ake zargi, daina ba da abinci, sauya rabin ruwa da na rijiya ko burtsatse, ka ƙara iska. Ruwan da ka fitar kar ya koma magudanar da wasu ke sha. Matattu a binne su da farar ƙasa a rami mai zurfi, nesa da rijiya. Kar a sayar, kar a yi banda, kar a ba kaji. Wuta ba ta kashe dalma, busarwa ma tattara ta take yi, kuma yara ƙanana da masu juna biyu ta fi yi wa illa. Wanda ya ci kifin ko ya shiga ruwan ya fara zufa, dalalar da miyau, amai ko ganin dishi-dishi, a kai shi asibiti da kwalbar maganin in an same ta.

Idan ƙarfe aka samu a laka, sauya ruwa ba ya wadatarwa. A zubar da ruwan, a bar tafkin ya bushe, a kankare saman lakar a kwashe zuwa inda ba a noma, a zuba farar ƙasa ta noma, domin ruwa mai tsami ya fi sakin ƙarfe. A sake auna lakar kafin a zuba sabon iri. Idan a gulbi ko madatsa abin ya faru, a kai rahoto a rubuce ga sashen kifi na jiha, da NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima idan magudanarta ce, tare da hotuna da lambobin samfuri. Ka ajiye kashi ɗaya na kowane daskararren samfuri a wurinka har a kammala, saboda ana iya buƙatar maimaita gwajin a wani ɗakin.